Hon Na Uku

Mutanen gari Tela suke ce mata, amma tsofaffin direbobin manyan motoci da Mai Kula suka san ta. Ta haura saba'in yanzu, kuma tana nan a gidan da aka kawo ta tana amarya, a tsakiyar hawan da ke bayan gada in za ka shiga gari. Ɗakinta taga ɗaya gare shi, mai kallon titi, kuma yau shekara shida ke nan da ta sa kafinta ya toshe ta da katako daga ciki. Baƙo in ya gani sai ya ce tsoron ɓarayi ne. Ina! Me ɓarawo zai ɗauka a ɗakin nan, tsohon keken ɗinki ko kulolin abinci biyu da fentinsu ya gama gogewa? Maganar hanya ce, kuma sai an koma baya za a gane ta.

Shekarar da ta tare aka zuba wa hanyar kwalta, shi ya sa takan ce ita da kwaltar sa'annin juna ne a garin. Mijinta direban babbar mota ne, siminti yake ɗaukar wa wani kamfani daga masana'anta zuwa babban birni. Kowace Talata yana wucewa ta ƙofar gidansa da buhu ɗari shida a bayansa, amma tsayawa babu, don kamfani ya ƙayyade masa lokacin isa, in ya makara sai ya sha tuhuma. Dawowa kuma ta wata hanya ce daban. Kwana biyu kacal yake samu a gida ƙarshen kowane wata. Ka ji fa, mutum da gidansa, da matarsa sabuwa fil, sai dai ya hango labulen tagarta ya wuce.

To, shi ma ba baya ba ne wajen dabara. Hanyar a lokacin daga kan tudu take gangarowa, ta yi wata muguwar kwana, ta haye rafi a kan wata 'yar siririyar gada, sannan ta hau zuwa cikin gari. Sai ya zaunar da ita ya tsara mata hon uku.

"Na farko a kan tudu, ga ni nan ke nan. Na biyu a kwana, ki fito. Na uku sai tayoyin baya sun bar gada, na haye lafiya ke nan, sai ki saki numfashin da kika riƙe."

Ta ce ita ba wani numfashi da take riƙewa, mutum sai son a ce ana tsoron rasa shi. Ƙarya take yi, shi ma ya sani. Ba a daɗe ba sunansa ya ɓace a tasha, kowa Sau-Uku yake kiransa.

Bayan gada hawa ne, kuma mota mai kaya a giya ɗaya take hawansa, tafiyar da ko tsohuwa za ta iya jerawa da ita. Nan Tela ta samu nata rabon. Kuloli biyu ta saya, ja da shuɗiya. In ta ji hon na biyu sai ta fito da ɗaya, abinci da zafinsa, ta jera da motar tana ɗaga hannu, shi kuma ya sunkuyo ta taga ya karɓa, ya miƙo mata ta makon jiya. Bai taɓa miƙo ta ba komai a ciki ba. Wata rana zare, wata rana allurai, da aka haifi 'yarsu kuma sai alewa ta shigo layi. Duk hirar mako a cikin taku ashirin ɗin nan ake yin ta: yarinya ta fara haƙori, rufin ɗakin girki yana yoyo, ka rame, ke ma haka. Daga nan hawan ya ƙare, ya sa giya biyu, ita kuma ta tsaya cikin hayaƙi tana tari tana murmushi.

Saboda hon ɗin nan ta kafa wa kanta doka: ranar Talata daga azahar ba ta taka keke, don ƙararsa cika kunne take yi. Aikin hannu take tara wa ranar, sa maɓalli, kalmasa, ɗinke aljihun da ya ɓarke, tana zaune a gindin taga. Masu kawo ɗinki duk sun sani. Mace in ta zo da gaggawa ranar Talata, tun a ƙofa maƙwabta za su ce mata ta koma sai Sau-Uku ya wuce. Shekara goma sha biyu ana haka, sau ɗaya kawai ta yi fashin fitowa, ranar da take naƙuda, kuma ko a ranar ta ce ta ƙirga ukun.

Sai birki ya tsinke wa wata tirela ta afka cikin rumfunan bakin kasuwa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba sai awaki huɗu, amma hukuma ta ce manyan motoci sun daina ratsa gari. Aka zo da katafila aka fasa sabuwar hanya daga gindin gada, ta kewaye ta bayan gari. Tudu yana nan, kwana tana nan, gada tana nan, hon uku suna isowa har ɗaki, sai dai motar ta daina bi ta ƙofa. Sau-Uku ya ce hanya ce ta yi yaji, a bar ta ta huce, da kanta za ta dawo ɗakinta. Tela ba ta yi dariya ba, ta dai je ta sayi takalmi mai ƙwari.

A mararrabar da aka yi wani mai faci ya kafa rumfa, mutum ne mai ƙarancin magana, baƙin mai har gwiwar hannu. Bencinsa ya zama wurin zamanta na Talata. Tun azahar take gangarowa da kula da ƙunshin aikin hannu. Amma sabuwar hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawan da zai rage wa mota gudu, sai dai Sau-Uku ya taka birki da gangan, na bayansa suna ta zaginsa. Taku ashirin ya koma biyar. Hira ta koma lafiya, lafiya lau, sai wani makon. Sau ɗaya jar kular ta suɓuce ta faɗi a kwalta ta lotsa, mai faci ya bubbuga ta da guduma ya miƙar, tabon yana nan har yau.

Shekara goma aka yi a haka, sannan aka ce tsohuwar gada ta yi wa motocin zamani kaɗan. Aka gina wata can ƙasa, wajen mil uku, hanya ta bi ta can ta bar garin gaba ɗaya. Gidan mai ya rufe, masu sayar da abinci suka kwashi tukwanensu suka bi kwalta, masaukin direbobi ya koma wurin jibge buhunan gawayi. Mai faci ya ce shi ba zai tsufa yana bin hanya kamar jela ba, ya zauna yana facin keke da baro. Tela ta gwada zuwa sau biyu a bayan mashin, ta tsaya a bakin sabuwar gada da kula a hannu, motoci suna wucewa kamar za su tashi sama. A zuwa na biyu ta ga hannun Sau-Uku ya ɗago, iyakar abin da ta gani ke nan. Ta dawo da abincin ya huce, ta zauna ta yi kuka mai isarta, don ta gane an gama da maganar kula.

Hon dai bai daina ba. Daidai inda hanyar ta fi kusa da gari yake danna ukunsa, kuma in iska ta taso daga can, musamman da damina, sai su iso taga sirara-sirara. Ranar da ta ji, har maƙwabta sai sun gane a muryarta. Ranar da ba ta ji ba sai ta ce iska ce ta juya, amma kowa ya kawo ɗinki washegari sai ya sha faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Masu zanen hanya kuwa, Allah ya shirye su, ba sa gajiya. Mutum yana zaune a ofis ƙarƙashin fanka, bai taɓa shan ruwan garin ba, ya ɗora rula a kan taswira ya ja layi da jan biro, ya tashi ya tafi cin abinci. Bai san ya raba wata da mijinta ba, in ma an gaya masa cewa zai yi ai an rage tafiyar awa guda. Haka aka ja layi na uku, tagwayen hanya, ta bayan duwatsu, mil goma sha ɗaya daga tagar Tela. Daga can ko guguwa ce ta taso ba ta kawo komai.

Lokacin 'yarsu ta yi aure a birni, ita ce ta saya musu waya ɗai-ɗai, ta ce ai yanzu an huta. Talatar farko Sau-Uku ya kira, ya ce ta kasa kunne, ya danna hon uku a cikin wayar. Tela ta ce wannan ai kukan sauro ne, kada ya ƙara wahalar da kansa. Ya rantse mata duk da haka yana dannawa kowace Talata, saitin gida, a dajin da ba kowa, har abokan aikinsa suna cewa tsufa ya fara taɓa shi. Ta yarda, don bai taɓa yi mata ƙarya ba sai in ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ita ma ba ta fasa ajiye keke ranar Talata ba. 'Yarta ta ce mata sabo turken wawa, ta ce ta ji, ita ce wawiyar, a bar ta a turkenta.

Shekara bakwai hon bai iso tagarta ba. A ta bakwai ɗin kunnenta na hagu ya fara toshewa, ta je asibiti aka leƙa, aka ce shekaru ne, na daman ma yana hanya. Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai, ba kurumcin ba, abin da za ta tafi ba ta ƙara ji ba. Ƙarshen wata Sau-Uku ya zo, saura masa wata uku ya ajiye aiki, gemu ya yi fari fat, gwiwa tana ƙara in zai tashi. Safiyar da zai koma yana ɗaure jaka, ita tana ninke masa riguna, sai maganar ta suɓuce mata.

"Malam, kunnen nan fa tafiya yake yi. Ina jin zai rufe ban ƙara jin hon ɗinka ba."

Ba roƙo ta yi ba, ko kuma roƙon ne, ita ma har yau ba ta iya rabewa ba. Ya yi dariya ya ce in ya ajiye aiki zai sayi hon na keke ya riƙa danna mata a tsakar gida har sai ta kore shi. Amma da zai fita sai ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da jar kular, wadda ta shekara goma sha bakwai ba ta bar gidan ba, ya kaɗe mata ƙura ya cusa a jaka. Ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba. Murna ta cika ta har ta kasa haɗa ido da shi.

A hanyarsa ta zuwa neman motar da za ta mayar da shi wurin aiki ya tsaya wurin mai faci suka gaisa, ya tambaye shi kamar a cikin hira ko tsohuwar gada tana nan. Mai faci ya ce tana nan daram, mashin da amalanke kullum suna bi. Gaskiya ya faɗa. Ya kuma san ruwan damina uku ya zaizaye gindin ginshiƙinta na tsakiya, yana ganin abin duk sanda ya sauka rafi ɗebo ruwan gwada faci, amma bai kawo a ransa cewa tambayar buhu ɗari shida ce ba. Inda tsohuwar hanya ta rabu da tagwayen kuma akwai ƙaton allo da ya hana manyan motoci shiga, kuma Sau-Uku ya iya karatu sarai. Sai dai direban da ya haye gada sau dubu ba allo yake tambaya ba, hannunsa yake tambaya. Ya san faɗinta, ya san inda zai ɗora tayar dama, ya san ƙarar da take yi in an hau ta. Bai tsaya ya lissafa shekarun da ta yi ba mai duba ta ba.

Talatar da ta biyo baya Tela ta dafa abinci ta zuba a shuɗiyar kula, ta jira har yamma, ta juye wa maƙwabta, ta ce da kanta tsohuwar banza. Ta biyu ma haka. Ta uku ba ta dafa ba. Tana gindin taga tana sa maɓalli a rigar wata malamar asibiti, kunnen dama a waje, sai ta ji hon daga kan tudu. Ta ɗauka kunnen ne ya fara yi mata wasa, ta tsaya da allura a sama. Sai na biyu, daga kwana, cikakke, mai kauri, irin wanda ke sa gilashin taga rawa. Ko cikin mota dubu ba za ta kasa gane shi ba.

Ta miƙe, riga ta faɗi, maɓallai suka watse. Ga shi ba abinci. Ta kankare ɗan abin da ya rage a tukunyar rana ta zuba a kula, tana dariya tana zagin kanta, ta fito ƙofar gida ba takalmi, mace mai shekara hamsin da bakwai tana gudu. Ta tsaya daidai inda ta saba tsayawa a da. Daga ƙofar ba a ganin gada, itatuwa sun tare, sai dai ƙarar inji yana rage gudu. Ta riƙe numfashi.

Abin da ya zo wani sauti ne mai nauyi, kamar katanga ta faɗi da damina, har ƙasa ta motsa a tafin ƙafarta. Sai farar ƙura ta taso ta saman itatuwa, ta yi ta tashi. Mutane suka riƙa wuce ta da gudu suna gangarawa. Ita ba ta motsa ba, tana nan da kula a hannu, ta juya kunnen dama wajen rafi.

Ba ta san iya lokacin da ta ɗauka a tsaye ba kafin mai faci ya hawo, fari fat da siminti daga gira har ƙafa, riƙe da jar kular. Ya tsaya gabanta ya kasa ɗaga kai.

"Tela, sai haƙuri. Rai ya yi halinsa."

"Ya danna na ukun?" ta ce. "Ka san kunnena. Ko ya danna ni ce ban ji ba?"

Mai faci ya so ya ce mata e, daga baya ya faɗa cewa ya so ƙwarai. Amma na ukun na wanda ya haye ne, ita ma ta sani.

"Bai danna ba."

A cikin kular akwai zare kala biyu da takardar allurai.

Bayanin kamfani layi biyu ne: direba ya kauce hanya ba da izini ba, ya hau gadar da aka hana. Ba a ambace ta ba, amma ita ta san wadda ta kira shi, kuma ta gaya wa 'yarta haka ƙarara. 'Yar ta ce haba Inna, ajali ne, ko a kan gado yake ranar sai ya tafi. Tela ta ce ta sani, ba ta ja da ikon Allah, amma magana zarar bunu ce, kuma daga bakinta aka zare ta. Ta ƙi komawa birni. Mai faci kuwa bai ƙara sauka rafin ba har ya mutu, in sun haɗu a hanya sai su gaisa kowa yana kallon ƙasa.

Shekara takwas garin ba gada, sai katakan da aka gitta wa masu ƙafa. Sannan motoci suka yi wa tagwayen hanya yawa, wani a ofis ya buɗe tsohuwar taswira ya ga ashe akwai gajeriyar hanya a kwance. Aka dawo da katafila. Aka gina gadar kankare mai faɗi a daidai gurbin waccan, aka zuba sabuwar kwalta, aka bi hawan da ita ta ƙofar Tela, don kasuwar da aka guje wa ta daɗe da tashi. Hanya ta huce ta dawo ɗakinta, yadda ya ce. Gari ya yi murna, gidan mai ya buɗe, maƙwabta suka shigo yi mata barka, wai yanzu ɗinki zai yi kasuwa.

Tudun dai ba a rushe shi ba, kwanar ma tana nan da sharrinta, sai aka kafa allo a kowannensu cewa a danna hon. Kowace babbar mota ta danna ɗaya a kan tudu, ɗaya a kwana. Bayan gada ba wanda yake dannawa, don me zai danna? Mota ɗari a wuni, kowacce biyu. Kunnen dama kuma da aka ce yana hanya ya ƙi tafiya, garau yake har yau. Makon farko 'yarta ta zo ta same ta tsaye a tsakar ɗaki ta dafa keke, ta riƙe numfashi har jiri yana ɗibarta. A ranar aka kira kafinta.

Katakon bai hana ba, ya dai rage. Sauran ranaku tana jurewa, ta kunna rediyo, ta koma can ɗakin girki da kujerarta. Talata ce ba ta iyawa. Ido ya yi rauni, ta daina karɓar ɗinki tun bara waccan, amma duk Talata da an yi azahar za ka ji keken Tela ya tashi, tana taka shi da ƙarfin da ba ka zaci tsohuwa tana da shi ba, ba tsayawa har la'asar. Maƙwabta sun daina tambayar me take ɗinkawa. Wata da ta taɓa leƙawa ta ce ba yadi a kai, allurar ma ko zare ba ta sa mata.